Jaririn da bai kai tiya guda ba

Ƴan uwa ɗalibai, akwai kalma guda da nike so mu gurfanar gaban shari'a, ita ce "jahilci". Duk ranar da anka haifi jariri ƙanƙane a wani ƙauye na Adar, irin wanda tafin hannu biyu ke rufewa, amsar ƴan boko a shirye take: uwar ce jahila. Ba ta zuwa awo, ba ta cin abinci mai gina jiki, ba ta san tazarar haifuwa ba. A faɗa a rediyo, a faɗa wurin taron bita, a faɗa a fada kafin shayi na biyu ya tafasa, kowa ya kaɗa kai, a watse. Ni ban yarda da wanga hukunci ba. Ilimin uwa yana da hannu cikin nauyin ɗanta, hannu babba ma, kuma shi na zo in nuna. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki laifi a aza ma wadda anka zalunta, a bar waɗanda sunka fidda ta daga aji suna yawo da hula a karkace.

Mu fara da sikeli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza iyaka a giram 2500. Jaririn da ya zo duniya ƙasa ga haka, ana lissafa shi cikin masu ƙarancin nauyi. Kilo biyu da rabi ke nan, kusan tiya guda ta hatsi a kasuwar Tawa ko ta Badagishiri. Ku riƙe wanga ma'auni a kai: mutum ɗan Adam, da sunan da za a raɗa mishi da ragon da za a yanka, amma tiyar hatsi ta rinjaye shi. Irin waɗanga jarirai kashi biyu ne. Akwai bakwaini, wanda ya fito kafin lokaci. Akwai kuma wanda ya cika wata tara cur, amma bai samu abin da zai girma da shi ba a ciki. Ƙididdigar UNICEF da Hukumar Lafiya ta shekarar 2020 ta ce kusan jarirai miliyan 20 ne anka haifa haka a duniya, wato ɗaya cikin bakwai. Mafi yawan jariran da ke mutuwa cikin watan farko daga cikinsu suke. Jikinsu ba ya riƙe ɗumi, bakinsu ba ya da ƙarfin kama nono, cuta kaɗan ta kada su. Wanda ya tsallake kuma ba a ce ya tsira duka ba: tamowa ta fi saurin kama shi, tsawonsa ya fi saurin tsayawa, kuma likitoci sun daɗe da gano cewa hawan jini da ciwon suga sun fi bibiyar irinsu in sun manyanta. In mace ce, ta tashi ƙarama, a yi mata aure tana ƙarama, ta haifi ƙarami. Haka abin ke zagayawa daga kaka zuwa jika, mu kuwa muna cewa "irin gidansu ne, ba su da jiki".

Kafin in wuce, ku lura da wani abin takaici. A binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na 2012, haifuwa uku kawai cikin goma anka yi a gidan likita a Nijar. Sauran bakwai ɗin a ɗaka, hannun ungozoma ko hannun Allah. Jaririn da anka haifa a ɗaka ba ya hawa sikeli ranar haifuwa. Ke nan waɗanda sunka fi shiga haɗari su ne ba su cikin lissafi. Tun da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, samarin Adar sun iya giram da rabin giram, ba mai cutarsu ko da ƙwayar gero. Albasar Galmi da buhu ake ƙirga ta, rago kuwa dillali na ɗaga shi ya gaya maka abin da zai yi. Jariri ne kaɗai za a dube shi da ido a ce "ai zai cika". Abin da mutane sunka ɗauka da daraja shi suke aunawa.

To, ina makaranta ta shigo? Wasu na zaton a aji ake koya ma yarinya sunayen abinci mai gina jiki, shi ya sa ɗanta ke zuwa da nauyi. Wanga shi ne ƙaramin ɓangare. Kakanninmu ba su san kalmar bitamin ba, amma sun san wake da gujiya da nono da zogala. Babban abin da makaranta ke ba yarinya shi ne shekaru. Kowace shekara da ta yi bisa benci, shekara ce da ba ta yi da ciki ba.

Ga lissafin. A wancan bincike na 2012, cikin matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuwa kafin su cika 15. Ba ƙasar da ta kai mu a duniya. Amma a wata ƙididdiga da ta raba matan bisa karatu sai hoton ya sake. Waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, kashi 81. Waɗanda sunka tsaya a firamare, kashi 63. Waɗanda sunka kai kwalej ko sunka wuce, kashi 17. Ku sake karanta lambobin nan uku. Tsakanin rashin makaranta da firamare, tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Ramin yana tsakanin firamare da kwalej. Wato yarinyar da anka sa lakwal ta yi shekara shida, ta kai CM2, anka ce "ya isa, ta iya rubuta sunanta", kusan ba a raba ta da komi ba. Tana fita aji da shekara 12 ko 13, daidai lokacin da idon masu kawo goro ke buɗewa.

Yarinya mai shekara 15 ba ta gama girma ba. Ƙashinta na bukatar abinci, jininta na bukatar abinci, ƙugunta bai gama buɗewa ba. In ciki ya shiga, yara biyu ne ke cin kwano guda, kuma kwanon ma ba cike yake ba. Ko dai uwar ta tsaya da girma, ko ɗan ya fito bai cika ba, sau da yawa duka biyun. Wanga ba ra'ayin nasara ba ne, kowane makiyayi na Abalak ya san abin da ke samun karsanar da ta ɗauki ciki kafin ta isa. Abin da ba mu yarda a yi ma dabba ba, shi muke kaɗa ma ganga in an yi ma ƙanwarmu.

Sai zazzaɓin cizon sauro. Nan ne abin ya fi ba ni haushi, don maganin na nan kuma kyauta ne. Ƙwayar cutar na iya maƙalewa a mabiyiya, inda jinin uwa ke miƙa ma ɗa abinci, ta toshe hanya, uwar kuwa ko zazzaɓi ba ta ji ba. Ciki na fari shi ya fi shiga wanga haɗari. Shi ya sa a wurin awo ake ba mai ciki Fansidar daga wata na huɗu, aƙalla sau uku kafin ta haifu, a haɗa mata da ƙwayoyin ƙarin jini da gidan sauro. Tun 2006, zamanin Tanja Mamadu, gwamnati ta ce awon ciki kyauta ne, haka ma maganin yara ƴan ƙasa ga shekara biyar. To wa ya fi ɓoye ciki? Mai cikin fari. Kunya ta hana ta faɗi, kunya ta hana ta tambaya, ta ɗaure zane ta ci gaba da daka har sai cikin ya tona kansa a wata na shida ko na bakwai. Wadda ta fi kowa bukatar awo da wuri, ita al'ada ta fi rufe ma baki. In ta isa likita a wata na takwas, an yi asarar abin da za a yi asara, sai a bi ta da faɗa: "Ina kike tun tuni?" Tana inda kunka aje ta.

Ku dubi kuma yadda shekara ke juyawa a ƙasarmu. Ana gama girbi maza su kama hanya: Abijan, Libiya, Legas, Kamaru, Jado. Adar ta yi suna da bida tun kafin a haife mu, har akwai ƙauyukan da in ka shiga da rani ba ka ganin namiji sai tsoho da yaro. Amarya na gidan surukai. Ita ce rijiya, ita ce itace, ita ce turmi, ita ce hayaƙin murhu safe da yamma. In damana ta faɗi, rumbu ya yi ƙasa, aikin gona ya taso, sauro ya yi yawa, duka a wata ukun nan guda. Mai ciki na noma da hura tsararo a cikinta. Ita ke ci daga ƙarshe, bayan an fidda na maza da na yara. In ta ce za ta likita, sai an nemi izinin miji, mijin na wata ƙasa, wayarsa ba ta shiga. Sai an nemi kuɗin kabu-kabu, kuɗin na hannun uwar miji, uwar miji kuwa ta haifi goma ba ta taɓa zuwa awo ba, kuma ba ta ga abin da ya sa ɗiyar yanzu za ta fi ta ba. Wani wurin har cewa ake kada mai ciki ta cika ci, don kada ɗa ya yi girma ya ba ta wuya. Kada ku yi saurin dariya. Inda asibitin da ke fiɗa ke da nisan yini guda bisa amalanke, tsoron ƙaton ɗa tsoro ne mai dalili. Matan nan lissafi suke yi da abin da ke gabansu, sun zaɓi ƙaramin ɗa bisa doguwar naƙuda. Wanda ya kira haka jahilci bai taɓa ganin an ɗauko mace bisa amalanke da tsakad dare ba.

A cikin wanga gida, mi ya bambanta wadda ta kai ajin BEPC da wadda ba ta kai ba? Da fari ta shigo da shekara 18 ko 20, ba 14 ba, jikinta ya gama ginuwa. Na biyu, tana iya karanta katin awo, ta san ranar da anka ce ta komo, ta san ƙwaya nawa za ta sha. Tana iya danna waya da kanta ta kira mijinta ba tare da ta roƙi ƙanensa ba. Ta saba tsayawa gaban mai rigar aiki ta yi magana, don ta yi shekaru tana ɗaga hannu gaban mushe. In ma'aikaciyar likita ta daka mata tsawa ba ta gudu ta ce ba ta ƙara komowa. Ta san ana iya hutawa tsakanin haifuwa da haifuwa, ba ta faɗa rurrutsa, ɗa a baya ɗa a ciki, jini bai komo ba an sake zuba shi. Sama da duka, maganarta na da ɗan nauyi a tsakar gida. Wani masani mai suna John Caldwell ya nuna haka tun 1979 da binciken da ya yi a Najeriya: karatun uwa na rage mutuwar yara ko da an daidaita arzikin gidaje, kuma babban dalili shi ne yana sake wa ke da ta cewa game da yaro a cikin gida. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, mu har yanzu muna buga tambarin "wayar da kai".

Na san abin da wasu kamarad za su ce, na sha jinsa a fada. Za su ce: malam, wanga duk talauci ne. Ɗiyar mai kuɗi ita ke kai kwalej, ita ke zaune birni kusa ga likita, ita ke cin nama. Ba karatun ba ne, arzikin ne. Maganar na da ƙamshin gaskiya, kuma ban raina ta ba. Takardar BEPC ba ta cika tukunya, kuma mai digiri ma in ta kwana da yunwa ɗanta zai ji a jikinsa. Amma an gwada abin a inda za a iya raba biyun. A 1968 ƙasar Taiwan ta ƙara shekarun karatun dole daga shida zuwa tara, ta gina sabbin kwalejoji da yawa a lokaci guda, wasu yankuna sun samu da yawa, wasu kaɗan. Bayan shekaru, masu bincike sunka bi ƴan matan da sunka shiga waɗannan azuzuwa har sunka zama uwaye. Inda anka fi buɗe kwalejoji, an fi samun raguwar jarirai masu ƙarancin nauyi da mutuwar jarirai. Ba iyayensu ne sunka yi arziki dare ɗaya ba, ƙofar aji ce ta matso kusa da su. Kuma ku lura, shekaru ukun da anka ƙara su ne daidai waɗanda ƴan matanmu ke faɗuwa cikinsu.

Wasu kuma za su jawo addini. A 2012 an kai dokar kare karatun ƴan mata gaban Majalisar Dokoki a Yamai, ƙungiyoyi sunka tashi, anka janye ta. Sai ranar 5 ga Disamba 2017 gwamnati ta fitar da dokar-zartarwa kan kariya da tallafi ga yarinyar da ke cikin karatu, ba ta bi ta majalisa ba. Har yau kuma kundin dokar farar hula da munka gada daga Faransa na cewa ana iya aurar da mace da shekara 15, namiji sai 18, mafi yawan aure ma ba ya bi ta kansa, a zaure ake ɗaura shi. Ni ba malami ba ne, amma ɗan jihar Tawa ne, kuma na san a Maratta, nan kusa ga Galmi, anka haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a 1754. Shi ne ya yi kakkausar suka ga malaman da ke karantar da almajiran waje su bar matansu da ɗiyansu cikin duhu. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta kafa ƴan-taru, tana aika jajis ƙauye-ƙauye su karantar da mata. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara biyu, wanda shi ne kusan hutun da likitoci ke roƙo a ba mace kafin wani ciki. To wane addini ne ake karewa in an fidda yarinya daga aji an miƙa ta ga naƙudar da ta fi ƙarfinta? A fito fili a ce al'ada ce, ko tsoro ne, ko kuɗi ne, sai mu san da abin da muke kokowa.

Tsoron kuwa akwai shi, kuma in ba mu faɗe shi ba mun yi ƙarya. Uban da ke wani ƙauye bayan Barmu ko Takanamat ko Garhanga ba mahaukaci ba ne. Firamare na garinsu, ko da ajin zana ne da ba a kafa shi sai an gama girbi an samu kara, wanda kowa ya tuna yadda irinsa ya ci ran yara a gobarar Yamai da ta Maraɗi a 2021. Amma kwalej na wani gari. Ɗiyarsa mai shekara 12 za ta zauna gidan mai masauki, wanda wataƙila ko dangi ba ne. Can za ta zama ƴar aiki: ruwa, wanke-wanke, talla, karatu in an samu sarari. Abinci sai abin da anka aiko daga gida, in an aiko. Malamai ƴan kwantaragi na yajin aiki rabin shekara saboda ba a biya su ba. Ƙarshen shekara a kore ta don makinta bai kai ba, ko kuma, abin da uban ya fi tsoro, ta komo da cikin da ba uba. Arewa kuma, wajen Tiliya, tun kisan da anka yi a watan Maris na 2021 a Intazayen da Bakorat da Wistan, maganar ma ta wuce ta masauki, ta zama ta rai. Uba ya auna wanga duka ya ce gara ɗakin miji. Lissafinsa ya ɓace, amma ba daga sama ya ɗauko shi ba.

Sai dai ina da tambaya ga samarin da ke karanta wanga ɗan littafi. Cikin da uban ke tsoro, aljani ke yin shi? Wa ke tare ƴan sizyam a hanyar rijiya da babur da waya mai kyamara? Wa ke ce ma yarinyar da ta kwana biyu ba ta ci ba "zo in saya miki"? Wasu ɗalibai ne, wasu ma'aikata ne, wasu ma alli ke hannunsu. Mutum guda ne zai lalata ɗiyar wani a birni, sa'an nan ya koma ƙauye hutu ya ce a yi ma ƙanwarsa aure da wuri "don zamani ya lalace". Ai ya san abin da ya sa ya lalace, shi ne zamanin.

Kuma a daina nuna kamar tsofaffi kaɗai ke yanke shawara. A gidaje da yawa na Adar yau, wanda ke aiko kuɗi shi ke da magana. Wan da ke Abijan ko Sabha, wanda bai wuce shekara 25 ba, shi ake kira a waya a tambaya. Shi ke cewa ba shi da kuɗin kaye da bik da na mai masauki, amma in anka ce aure sai ga kuɗin gado da katifa da kwanoni sun iso cikin kwana uku. Shi kansa in ya komo da ƴan kuɗinsa, ƴar 14 yake nema, wai ta fi jin magana, ya aje ta wata biyu ya bar ta da ciki ya sake kama hanya. Ɗalibin Jami'ar Jibo Hamani ma in ya je gida ana shimfiɗa mishi tabarma, ana cewa "ga mai ilimi ya zo". Ana jin maganarsa fiye da yadda yake zato. In ya yi shiru ranar da anka kawo goron ƙanwarsa da ke CM2, to ya sa hannu, ko da ya komo Tawa ya rubuta dogon jawabi da Faransanci kan ci gaban ƙasa.

Matan da ake kira jahilai kuwa, ku je Kaita ku ga aikinsu. Da anka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984, da kuɗin Italiya da hannun hukumar FAO, maza na wurin bida. Mata ne mafi yawan waɗanda sunka ɗauki duwatsu bisa kai, sunka jera su a gangaren tsaunuka, sunka haƙa ramuka sunka dasa itatuwa, ana biyansu da abinci. Fako ya koma gona a hannunsu. Sun koyi aikin da injiniyoyi sunka zo da shi cikin ƴan kwanaki. Wanda ya iya wannan ba kai ne ba shi da shi ba. Binciken 2012 ya ce mata 8 cikin 10 a ƙasar nan ba su taɓa shiga makarantar boko ba, kuma 14 cikin 100 ne kawai ke iya karatu. Ba ranar da waɗanga mata sunka taru sunka ce ba su so. Wani ya yanke musu, tun suna goye da ƙannensu.

Shi ya sa nike jin kunya in na ga an tara mata ƙarƙashin bedi, an kafa allo mai hoton ƙwai da kifi da madara, ana koya musu "cin abinci kala uku", a ɗauki hoto a ba su sabulu a tafi. Matar da ke sauraro ta san ƙwai. Kazar ma tata ce, amma ƙwan na kasuwa ne, da shi za a sayi gishiri. Kuɗin man motocin da ke kawo masu wayar da kai, da an tara shi shekara goma, da ya gina ɗakin kwanan ƴan mata a kwalej fiye da guda. An fara irin waɗannan makarantun kwana a 2021, ta fari a Kelle cikin jihar Damagaram. Ko wa ke mulki, wanga aiki bai kamata ya zama na jam'iyya ko na mutum guda ba, don ya taɓa ainihin inda ƙaya ta soke: wurin kwana mai tsaro, tukunya mai tafasa, da mace babba mai sa ido. Uban da ya ƙi mai masauki, sau da yawa ba zai ƙi wannan ba.

Jaririn da ya riga ya zo ƙarami ma ba a yanke mishi ƙauna. Akwai dabarar da anka fara a Bogota ta ƙasar Kolambiya a 1978: a kwantar da shi tsirara bisa ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zane dare da rana, a ba shi nono zalla. Ba ta bukatar lantarki, ba ta bukatar kwalba. Kuma ba dole sai uwa ba. Uba ma na iya ɗaura ɗansa a ƙirji uwar ta samu barci, in girman kai ya bar shi. Amma kafin a san jariri na bukatar haka sai an aza shi bisa sikeli ranar da ya faɗo, wanda ke nufin sikeli mai aiki a kowane ƙaramin gidan likita na ƙauye, da ma'aikacin da ke kwana a garin.

Hutu na tafe, kowa zai koma garinsu. Ga aikin da nike roƙon kowane memba na ƙungiyarmu ya yi, ba ya cin ko dala. Ka zauna ka rubuta sunayen ƴan matan da kunka yi CM2 tare. Gaban kowace ka sa ajin da ta tsaya, shekarunta ranar aure, haifuwa nawa, nawa ke raye. Ka tambayi wa ya ce ta tsaya, ka rubuta ko uba ne, ko wa, ko kawu, ko rashin masauki. Kada ka sa suna in za ka kawo muna, lamba ta isa. In munka komo mu haɗa na Kalfu da na Bambai da na Tamaske da na Buza da na Illela wuri guda, mu buga a fitowa ta gaba, mu kai kofi ga magajin gari da mai kula da makarantun sakandare na jiha, mu tambaye su kwalej nawa ke da ɗakin kwanan ƴan mata tsakanin Tawa da Abalak, kuma yaushe za a aza tubalin na gaba. Wanda kuma ke da ƙanwa a CM2 bana, kada ya jira taron ƙungiya: ya nemo mata gidan da za ta zauna tun kafin a buɗe makarantu a watan Oktoba, ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin da matar gidan.